Ruwan famfo: a sa hannun kamfani, ko a bar wa gwamnati kayanta?

Abban_Khadija:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni, kuma da gaske nake neman waɗanda suka san abin su faɗa mini. Shekara huɗu ke nan rabon da famfon gidanmu ya ɗiga, har leda muka ɗaure a bakinsa saboda kyankyasai. Kullum daga masallacin asuba sai ƙofar gida, ina jiran 'yan ga-ruwa. Mu tara ne a gidan, kura ɗaya mai jarka goma sha biyu ba ta kai mu kwana biyu. Jiya na zauna da biro na lissafa abin da ruwa yake ci mini a wata, sai na ga ya zarce kuɗin makarantar yarana biyu. Wani abokin aikina ya ce mafita ɗaya ce, gwamnati ta yi haɗin gwiwa da kamfani, shi ya tace ruwan ya raba ya karɓi kuɗi, tunda dama kuɗin muke kashewa. Ni kuma da na tuna yadda ta kaya da wutar lantarki sai gabana ya faɗi. Shin akwai inda aka yi irin wannan haɗin gwiwa talaka ya ga amfaninsa?

Sani_Mai_Walda:
Wa alaikumus salam. Malam Abban Khadija, jiki magayi. Ni da wuta nake cin abinci, don haka ba labari aka ba ni ba. Taransifomar layinmu ta ƙone bara, muka yi wata biyu muna zarya ofishin kamfanin wuta, yau a ce gobe, gobe a ce jibi. Daga ƙarshe gida-gida muka bi muka tara kuɗi, mu muka sayi mai, mu muka sayi waya, mu muka biya masu ɗaurawa. Ranar da wuta ta dawo, kwana uku ba a yi ba sai ga bil, har da na watannin da muka kwana a duhu. In haka za a yi wa ruwa, wallahi gara a bar mu da 'yan ga-ruwa. Shi ɗan ga-ruwa in bai kawo ba ba zai ce ka biya ba.

Ummu_Yusra:
Gaskiyarka Malam Sani. Wuta in babu ana iya kunna fitila a kwana. Ruwa fa? Uwa ba ta ce wa jariri ya yi haƙuri sai an biya bil.

Injiniya_Bala:
Ina neman afuwa zan ɗan tsawaita, domin aikin ruwa na yi har na yi ritaya, kuma na ga ana haɗa abubuwa daban-daban a kira su da suna ɗaya.

Abin da aka yi wa wuta a watan Nuwamban 2013 sayarwa ce. An raba ɓangaren rarraba wuta zuwa kamfanoni 11, a galibinsu 'yan kasuwa suka sayi kashi 60 cikin ɗari, gwamnati ta riƙe 40. Da yawa daga cikin waɗanda suka saya, bashin banki suka ciwo suka biya, sai ya zama kuɗin da ya kamata ya tafi sayen mita da taransifoma yana tafiya biyan bashi. Kun ga ai a 2022 sai da banki ya karɓe ragamar kamfanonin Kano da Kaduna da Benin saboda bashin.

Amma ba sayarwa ce kaɗai hanya ba. Akwai wadda gwamnati za ta riƙe komai nata, ta ɗauki kamfani ya gudanar mata na wasu shekaru ta biya shi lada. Akwai ta haya: madatsar ruwa da matata da bututu duk na gwamnati ne, ita ke gina sabo, kamfani kuma shi ke tacewa da rabawa da gyaran yau da kullum da karɓar kuɗi, ya cire kasonsa a kan kowace lita da ya sayar. Akwai kuma jingina, inda kamfani zai zuba kuɗinsa ya gina, ya ci moriya shekara 20 ko 30, sannan ya mayar. Kowacce da inda haɗarinta yake.

Sannan ku sani, ruwan famfo ba a kogi yake lalacewa ba. Na sha tsayawa a matata da daddare, ruwa cike da tankuna an tace shi fes, amma babu wuta babu dizal da za a tura shi gari. In an tura, tsofaffin bututu su zubar da kaso mai yawa a ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya isa gidaje kuma babu mita, ba a san wa ya sha nawa ba. Ƙarshen wata kuɗin da aka tara ba ya sayen maganin tace ruwa, sai a tafi gidan gwamnati roƙo. Wannan zagayen ne ya kashe famfonku.

Sani_Mai_Walda:
Injiniya, Allah ya ƙara girma, na gane bambancin. Amma masu sa hannu a takardar ai su ne dai waɗancan. Ko haya aka kira ta ko jingina, wa zai hana a ba ɗan uwa ko abokin siyasa?

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Abin da Injiniya ya kira haya, shi ne muka yi nan Nijar shekaru fiye da 20, bari in ba ku yadda ya kasance. A 2001 aka raba tsohon kamfanin ruwa na ƙasa gida biyu. SPEN ta gwamnati ce, ita ke da kayan aiki, ita ke cin bashi ta gina. SEEN kuma ita ke rabon ruwa a birane, kamfanin Faransa Veolia ke da kashi 51, sauran na 'yan kasuwar ƙasa da ma'aikata da gwamnati. Farashi kuwa ba kamfani ke yanka shi ba, gwamnati ce, kuma mai shan kaɗan farashinsa ya fi sauƙi.

Abin da na gani da idona: lokacin da aka kawo tsarin jawo ruwa cikin gidajen talakawa da rangwame, tsohuwarmu ta samu pampo a tsakar gida. Matar da ta tsufa da tulu a ka. Ranar da ruwan ya fara zuba ta zauna bisa turmi tana kallonsa tana hawaye. Faktir, wato bil, yana zuwa kowane wata, in ba ka biya ba a yanke, wannan babu wasa. Amma abin da muke biya bai kai rabin abin da muke ba masu tura bido, wato jarka, a da ba.

A ƙarshen 2023 kwantaragin ya ƙare, gwamnati ba ta sabunta ba, kamfanin ƙasa mai suna NDE ya karɓi aikin. Mutane da yawa sun yi murna, don ruwan da za ka sha a ce yana hannun baƙo abu ne mai nauyi a zuciya.

Ba_Damagare:
Ɗan Maraɗi ya faɗi gaskiya, amma ya faɗi ta Maraɗi. Ku zo Damagaram watan Afrilu ku ga layin bido. Mu garinmu bisa dutse yake zaune, ruwan ƙasa ba ya kusa, daga nesa ake jawo shi, daga su Gogo da Machaya da Arungoza da Ganaram. Mai rabo ba ya raba abin da babu. In gwamnati ba ta zuba kuɗi ta nemo ruwan ba, ko wa ka ba rabon, ƙishirwa tana nan. Don haka kada wani ya ɗauka sa hannu a takarda shi ne ruwa.

Abban_Khadija:
Na gode ƙwarai. Ɗan Maraɗi, labarin tsohuwarku ya taɓa ni, don tawa mahaifiyar har yanzu jikoki ke ɗebo mata. Amma in tambaye ka, tunda abin yana tafiya, me ya sa aka karɓe?

Ɗan_Maraɗi:
Malam, ka san yadda dangantakarmu da Faransa ta koma bayan juyin mulkin Yulin 2023. Wasu na cewa wannan na ciki. Akwai kuma masu cewa tun da can, ma'aikatan 'yan ƙasa ne, kayan aikin na ƙasa ne, bashin ƙasa ke biya, to me ya sa riba za ta ƙetare teku? Wasu kuma na cewa tsarin aiki da tsare lissafi da aka koya a shekarun nan shi ne ribar da ta rage mana. Har gobe ana wannan gardama a wuraren hira.

Malam_Habibu:
Bismillah. Ina so mu tuna cewa addini bai bar wannan magana ba. Ya zo a hadisi cewa mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Shi ya sa ba a yarda wani ya killace kogi ko tafki ya hana bayin Allah sha ba. Amma malamai sun bambanta ruwan da ke inda Allah ya ajiye shi da wanda mutum ya sha wahala ya ɗebo ya zuba a mazubinsa. Na biyun an halatta sayar da shi, in ba haka ba da sana'ar ga-ruwa ta haramta. Don haka karɓar kuɗin tacewa da turawa ba laifi ba ne. Laifin shi ne a mayar da buƙatar da ba makawa sai da ita tarkon tatsar mutane.

Mu kuma duba abin da Sayyidina Usman, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi da rijiyar Ruma a Madina. Ya saye ta da dukiyarsa ya mayar da ita waƙafi ga kowa. Attajiranmu da ke gina masallaci a kan masallaci a layi ɗaya, da sun haɗa hannu da hukuma sun ɗauki nauyin bututun unguwa guda, da lada mai gudana ne.

Ummu_Yusra:
Allah ya saka da alheri Malam. Ni abin da ke damuna ba biyan ba ne, don muna biya tun tuni, har ma da lafiyarmu. Wata uku da suka wuce ɗana ya kwanta da taifod, likita ya tambaye ni ruwan da muke sha, na rasa amsar ba shi, don ban san daga wace rijiya mai kurar yake ɗebowa ba. Tambayata ita ce, ranar da kamfani ya cuce ni, wa zan kai wa ƙara? Yanzu ko ba komai in zaɓe ya zo muna tare ɗan takara mu ce ina ruwa. In aka ba kamfani, gwamna zai ce ba ruwansa, ku je wajen kamfani. Kamfani ya ce ku je wajen gwamnati. Mu kuma muna tsakiya da bokiti.

Lauya_Zainab:
Ummu Yusra, tambayarki ita ce zuciyar maganar gaba ɗaya. A doka, ko gwamnati ta ba wani aikin, nauyin bai sauka daga wuyanta ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a Yulin 2010 ta amince cewa samun ruwa mai tsabta haƙƙin ɗan Adam ne, kuma gwamnatoci ake tambaya a kansa, ba kamfanoni ba. A matakin tarayya akwai dokar 2005 da ta kafa hukumar ICRC mai sa ido a kan irin waɗannan yarjejeniyoyi. Amma ruwan sha na birane a hannun jihohi yake, don haka dokar kowace jiha ce abin dubawa.

In aka kawo maganar a jiharku, abin da za ku dage a kai shi ne a fito da yarjejeniyar kowa ya karanta, a fassara ta da Hausa a karanta a rediyo. Wa ke yanke farashi? Unguwanni nawa kamfanin ya ɗauki alkawarin kai wa ruwa, cikin shekara nawa? In ya gaza, mene ne hukuncinsa? Domin kamfani in aka sake shi, unguwar masu hali zai fara bi, can kuɗi yake. Ba mugunta ba ce, haka kasuwa take. Takarda ce za ta tilasta masa shiga lungu. Kuma a samu hukuma mai zaman kanta da za ki shiga da takardar bil ɗinki a saurare ki, wadda gwamna ba zai iya korar shugabanta da wayar tarho ba.

Sani_Mai_Walda:
Hajiya Lauya, a wuta ma ai akwai hukumar sa ido. A watan Afrilun 2024 aka ce masu samun awa 20 a rana su koma biyan naira 225 kowane yunit. To shi wanda ba ya cikin wannan rukuni, yaushe layinsa zai gyaru? Abin da kika ce ne, inda kuɗi yake can ake bi.

Zango_Boy_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu ma Gana an gwada. Daga 2006 zuwa 2011 an ba wani kamfani mai suna Aqua Vitens Rand, haɗakar 'yan Holan da 'yan Afirka ta Kudu, ya gudanar da ruwan birane. Shekara biyar ta cika gwamnati ba ta sabunta ba, don ba a ga canjin da aka yi alkawari ba. A wuta kuma aka ba wani kamfani mai suna PDS a 2019, shekara ba ta zagayo ba aka soke saboda matsalar takardun lamuni.

Amma kada ku ce duk haɗin gwiwa haka yake. Wanda ya yi aiki a nan ba da 'yan kasuwa aka yi shi ba. Asibitocin mishan, gwamnati ke biyan albashin ma'aikatansu da yawa, su kuma suna riƙe da asibitin, kuma a ƙauyuka da dama su ne kaɗai asibiti. Mu Musulmi kuma tun 1987 akwai sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi. Makarantar al'umma ce, gwamnati ta turo malaman boko ta biya su, a koyar da Larabci da addini tare. Ni a irinta na yi firamare. Da babu ita, mahaifina ba zai taɓa yarda in yi boko ba.

Aminatou_Garoua:
Kamaru ma haka. Kamfanin CDE na 'yan Maroko ya riƙe rabon ruwa daga 2008, a 2018 aka mayar wa Camwater ta gwamnati. Kamar kowa sai ya gwada ya dawo.

Injiniya_Bala:
Ba kowa ba, 'yata Aminatou. Senegal ta fara tsarin haya tun 1996 kuma har yanzu a kansa take, kamfanin kawai ta canza a 2020. Amma maganarki na da ƙarfi, don har birnin Paris, mahaifar manyan kamfanonin ruwan, ya karɓe ruwansa ya mayar hannun hukuma a 2010. A Kochabamba ta ƙasar Bolibiya kuwa, da aka ba kamfani a 1999 ya tsawwala farashi, a 2000 mutane suka fito titi har aka rasa rai, dole aka soke.

Abin da na lura da shi a shekarun aikina: gwamnatin da ba ta iya riƙe hukumar ruwanta ba, da wuya ta iya riƙe kamfani. Sa ido a kan ɗan kasuwa ya fi gudanar da ma'aikata wuya, don shi yana zuwa da lauyoyi da akantoci. Kuma kada mu manta mun taɓa iyawa. Ruwan famfon Kano na Chalawa, a farkon shekarun 1930 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, aka yi shi.

Nas_Hauwa:
Ku ba ni dama in fita daga ruwa kaɗan, don a ɓangarenmu na lafiya na ga haɗin gwiwar da ta yi aiki. A ƙarshen 2012 gwamnatin Kano ta sa hannu da Gidauniyar Bill da Melinda Gates da Gidauniyar Ɗangote a kan rigakafin yara na yau da kullum. Asusu ɗaya aka buɗe kowa na zuba nasa, kuma an tsara tun farko cewa kason jiha zai riƙa ƙaruwa kowace shekara har nauyin ya koma kanta gaba ɗaya. Daga baya Bauchi da Borno da Kaduna da Sakkwato da Yobe suka bi. Kafin nan, sau nawa uwa za ta taka daga ƙauye da goyo a ce mata babu allura, ko firij ya mutu maganin ya lalace. Bayan nan muka ga firij mai sola, muka ga mota na kawo magani har ƙofar asibiti a kan lokaci. Ga kuma sarakuna da masu unguwanni da aka sa a gaba, su ne suka buɗe mana ƙofofin da a da ake rufe mana. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Gwamnati ita kaɗai ba za ta kai mu nan ba, masu ba da tallafi su kaɗai ma haka.

Bello_Anka:
Nas Hauwa, mu ma shaida ne. Lokacin gubar dalma a 2010, yara kusan 400 muka binne a Zamfara, kuma likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje, MSF, ne suka tsaya tare da ma'aikatar lafiya aka ceto sauran. Ba za mu manta ba. Amma ina jin kunya a raina in na tuna cewa sai da baƙo ya zo.

Kabiru_Akanta:
A nan ne nake da ja. Kayan aro ba ya rufe katara. Kun ga abin da ya faru a farkon 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje. Ƙanwata tana aiki a wani ƙaramin asibiti da wata ƙungiya ke tallafa wa, saƙo ɗaya aka turo musu a waya cewa aiki ya tsaya. Iyaye mata suka zo karɓar abincin yara masu tamowa suka tarar da ƙofa a kulle. Shekara da shekaru ƙungiyar na aiki, ƙaramar hukuma ba ta taɓa sa ko sisi a kasafinta don ranar da za su tafi ba. Wannan ba haɗin gwiwa ba ne, sakin nauyi ne.

Nas_Hauwa:
Malam Kabiru, ba mu saɓa ba. Shi ya sa na ambaci yadda aka tsara kason jiha ya riƙa hawa. Tun ranar shiga aka rubuta ranar fita. Wanda ƙanwarka ta gani ba a rubuta ba.

Abban_Khadija:
Jama'a mun yi nisa, daga famfona har mun kai Amurka. Amma na ƙaru. Bari in dawo da mu gida. In na fahimta, ko da jiharmu ta ɗauko kamfani gobe, sai an yi shekaru kafin bututu ya iso layinmu. To kafin nan fa? Akwai rijiyar burtsatse mai sola da ƙaramar hukuma ta gina mana a filin makaranta, ta yi wata takwas tana aiki injin ya ƙone, yau shekara biyu tankin na tsaye babu ɗigo, yara na wasan ɓuya a ƙarƙashinsa.

Dattijo_Mai_Unguwa:
Ɗana Abban Khadija, wannan irin taku muka yi fama da ita, bari in gaya maka yadda muka yi. Tamu ma ta mutu sau biyu. Duk lokacin da ta mutu sai a ce a jira ciyaman. Rannan na tara magidanta bayan la'asar na ce, wanda ya gina ya gama nasa, in muka ci gaba da jira jikokinmu za su gaji jiran. Muka je sakatariya muka nemi a ba mu riƙon rijiyar a rubuce. Aka rubuta cewa rijiya ta ƙaramar hukuma ce, gyaran yau da kullum namu ne, in babban abu ne kamar sake haƙa nasu ne. Muka kafa kwamiti na mutum bakwai, uku mata, kuma ma'ajin mace ce, don su suka san zafin rashin ruwa. Kowace jarka ana biyan abu kaɗan, marayu da tsofaffin da ba su da mai yi musu ba sa biya. Kuɗin na asusun banki, sai mutum uku sun sa hannu. Duk ƙarshen wata ana karanta lissafi a ƙofar masallaci, a kuma aika wa mata a islamiyya.

Ba zan ɓoye maka ba, an sha rigima. Akwai wanda ya ce ruwan gwamnati ne ba zai biya ba, har ya fasa kwaɗo. Akwai lokacin da yaron da ke karɓar kuɗi ya ci amana muka canza shi. Amma shekara biyar ke nan, injin ya ƙone sau ɗaya, kwana huɗu muka sa sabo ba mu roƙi kowa ba.

Kabiru_Akanta:
Baba, Allah ya ja da rai, abin da kuka yi abin yabo ne. Sai dai ina tsoron kada ya zama mun sauke wa gwamnati nauyi mun ɗora wa kanmu. Haraji muke biya. In kowace unguwa ta haƙa rijiyarta, kowane gida ya haƙa tasa, ruwan ƙasa zai yi ta nisa, kuma babu mai gwada tsabtarsa. Birni mai miliyoyin mutane ba ya rayuwa a kan burtsatse.

Injiniya_Bala:
Kabiru ya yi gaskiya a nan. Rijiya kusa da masai ita ce hanyar kwalara. Tsarin Baba Mai Unguwa na riƙon ƙwarya ne mai kyau, kuma a ƙauye ma zai iya zama na dindindin, amma birni sai matata da bututu. Ku kai ruwan rijiyar a gwada ko da sau biyu ne a shekara, musamman bayan damina ta sauka.

Ɗan_Maraɗi:
A ƙauyukanmu akwai tsari kusa da na Baba. Tankin na magajin gari ne, sai a ba wani ɗan kasuwa na yankin kwantaragi ya riƙa tafiyar da shi, wani lokaci ƙauyuka da yawa a hannun mutum guda. Cikin kuɗin ruwan akwai kason da dole ya ajiye a asusun sabunta kayan aiki, ƙungiyar masu shan ruwa kuma na sa masa ido. Inda magajin gari ke bibiya abin na tafiya. Inda ba ya bibiya, ranar da inji ya mutu sai a buɗe asusu a tarar babu komai.

Ummu_Yusra:
Baba Mai Unguwa, abin da ya fi burge ni shi ne karanta lissafi a bainar jama'a. Da gwamnatin jiha za ta yi haka da kowace yarjejeniya, da ni ma na yarda a kawo kamfanin. Amma har yanzu ba wanda ya nuna mini ofishin da zan shiga da ƙorafina in fito da biyan buƙata.

Sani_Mai_Walda:
Ni dai ina kan bakana. Ɗan kasuwa riba ya fito nema, kuma ban ga laifinsa ba, ni ma ita nake nema a shagona. Amma ni in na yi maka ƙofa ba ta yi kyau ba, gobe ka tafi wajen wani mai walda. Bututun ruwa ɗaya ne a layi. Wajen wa za ka koma?

Lauya_Zainab:
Haka ne Malam Sani, shi ya sa ba a barin sa ya yanka farashi da kansa. Amma ka lura, hukumar gwamnati ma bututunta ɗaya ne, kuma Abban Khadija ya shekara huɗu bai samu wajen komawa ba.

Abban_Khadija:
Na karanta duka, wasu har sau biyu. Maganar kamfani dai zuciyata ba ta tsaya waje ɗaya ba, in na saurari Ɗan Maraɗi sai in ji ina so, in na saurari Malam Sani sai in ja baya. Amma maganar rijiyar makaranta na riga na yi wa limaminmu da mai unguwa, sun ce a tara magidanta ranar Juma'a bayan la'asar. Baba, in ba damuwa ka turo mini hoton takardar da kuka rubuta da ƙaramar hukuma, a rufe sunayen mutane, mu ga yadda aka tsara ta. Injiniya, kafin mu fara tara kuɗi, ta yaya za mu gane ko injin ne kawai ya ƙone ko rijiyar ce ta ƙafe?

Injiniya_Bala:
Kada ku sayi komai tukuna. Ku samu mai gyara ya zaro injin, a zura igiya mai nauyi a baki a auna inda ruwa ya tsaya. Sannan ku yi hayar inji na kwana ɗaya ku ja ruwa na awa shida zuwa takwas ba tsayawa, kuna aunawa duk bayan awa. In ruwan bai sauka ƙasa da inda injin ke zama ba, rijiyarku lafiya take. Sau da yawa abin da ke ƙona injin shi ne ja a bushe, don haka in za ku sa sabo ku haɗa da na'urar da ke kashe shi in ruwa ya yi ƙasa. Ku duba faifan solar ma, shekara biyu a filin makaranta, zai yi wuya a ce dutse bai sami ko ɗaya ba.

Dattijo_Mai_Unguwa:
Takardar na wajen sakatarenmu, ya yi tafiya ta'aziyya, jibi zai dawo in sha Allahu in sa jikana ya ɗauki hotonta ya turo maka. Ranar Juma'ar kuma kada ku yi taron ku kaɗai maza. Ku aika a faɗa wa matan gida tun yau su zaɓo nasu wakilan.